Motar da aka toshe wa hanci

Wan mijina ya kusa sayar da motarmu ga masu awon ƙarfe saboda ɓarnar da hannunsa ya yi, kuma har yau bai ce a yi haƙuri ba. Da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, sai bayan na aurar da 'yata. Tunda yanzu ina iya riƙe biro, zan rubuta yadda aka yi, don shi in yana ba da labarin a majalisa tsallake kansa yake yi.

Motar tsohuwar akori-kura ce, ta girmi duk 'ya'yana. Ita ke kai mana gyaɗa kasuwar Ɗanbatta. Da yanar ido ta kama Malam, mai gidana, sai aka tura ta ƙarƙashin rumfar kara aka lulluɓe da buhuna. Ta shekara biyu a nan, kaji na ƙwai a kujerar direba.

Bara da kaka gyaɗa ta yi kyau, na ce a tashe ta. Yaya, wato wan Malam, ya ce gawa ba ta tashi, shi ma ya riga ya yi magana da mai awon ƙarfe. Malam ba ya musu da wansa. Abin da ya iya cewa kawai shi ne: in ta kai kaya kasuwa mai zuwa da ƙafarta a bar ta, in ta kasa a ɗora ta a sikeli.

Na aika Makoɗa aka kira bakanike. Ya zo da batir a bayan babur, ya buɗe gaban mota, ya kwance kafireta, wato 'yar tukunyar da ke haɗa fetur da iska. Tsohon man ya daskare a ciki kamar ƙaro, yana warin fenti. Ya wanke ta a kwanon miyata, ya bi ƙananan hujojin da silin waya, ya mayar. Ya kuma tsiyaye ruɓaɓɓen man ta ƙasan tanki.

Zuba sabon mai kuwa Yaya ya ce aikinsa ne, ba ya yarda da hannun kowa a kan fetur. Ya ɗauki galan ya zagaya baya shi kaɗai, ya daɗe, ya dawo yana goge hannu a riga.

Aka murza makulli, ta yi tari, ta kama. Na rangaɗa guɗa. Malam na kan tabarma ya karkata kunne ya ce, "Muryarta ce, wallahi."

Ba ta wuce gonar liman ba ta fara shessheƙa, ta mutu. Aka bar ta ta huta, ta tashi, ta ɗan taɓa tafiya, ta sake mutuwa.

"Na faɗa muku," in ji Yaya. "Tsufa ba ya jin sabulu."

"Yaya, kai ma ai hutawa kake yi kafin ka kai masallaci, ba wanda ya kira mai sikeli," na ce.

Bakanike ya sake kwance kafireta ya wanke, har kwanona ya daina warin daddawa. Bai canza komai ba. Daga nan ya ɗaure galan a kan rufin mota, ya ja tiyo daga galan zuwa kafireta kai tsaye. Mota ta je bakin titi ta dawo tana rawar jiki kamar amarya.

"Hajiya, kafireta lafiyarta lau," ya ce da ni. "Man ne ba ya isowa daga tanki."

Ya duba famfon mai, yana aiki. Sai ya cire tiyon da ke zuwa tanki ya kafa baki ya hura. Kumatunsa suka kumbura, idanunsa suka firfito. Yana sakin tiyon, fetur ya dawo masa a fuska har cikin gemu. Ya yi ta tofarwa yana salati.

"Tankin nan ba ya numfashi!"

Ni dai na san gwangwanin madara: in huji ɗaya ka yi masa, sai ya yi ta ɗigo yana maka rowa. Na zagaya baya na ɗaga buhun da ke rufe da bakin tanki. Babu murfi. Totuwar masara ce aka naɗe da leda, aka ɗaure da roba, aka shafe da laka mai ramno sumul, irin liƙin da ake wa bakin rumbu. Lakar ma ba ta gama bushewa ba.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne," in ji Yaya, har da buga ƙirji. "Murfin ya ɓata tun tuni. Fetur gudu yake yi in ya ga iska. Haka nake liƙe rumbuna, ko ƙwaro bai taɓa shigar mini gero ba."

Bakanike ya fasa lakar ya zare totuwar. Tanki ya ja iska, fuuu, kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Ya ce murfin gaskiya da ɗan hujinsa yake zuwa, in iska ba ta shiga, mai ba ya fita.

Malam ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na girgiza. Yaya ya ce shi bai yarda ba, huji asara ce, kuma gobe kafin a tafi zai sake liƙewa don kada rana ta shanye man a hanya. In ta mutu kuma, alkawari na nan.

Washegari, ranar kasuwa, ina idar da sallar asuba na sa ƙusa a wuta na huda totuwar daga kai har gindi, na mayar da ita. Aka loda gyaɗa. Bakanike, da yake shi zai tuƙa, ya buɗe mini ƙofar gaba, na ce a'a. Na hau baya na zauna a kan buhun da ke daidai bakin tanki, na ɗora muciya a cinya saboda hannun Yaya, na ce wa bakanike ya ja mu tafi.