Ranar da Na Tona Wa Kaina Asirin Kuku

Wawan wannan labari ni ne, gara in faɗa tun kafin Hajiyata ta riga ni.

Ɗana na biyu, mai sarin ganyen shayi a Kasuwar Singa, ya je Mombasa sayayya ya dawo mana Fagge da mata. Yarinya mai ladabi, ba na musu. Sai dai daga zuwanta Hajiya ta shiga makaranta a bakin murhu, wai koyon Swahili. Ni da na yi aji huɗu cur a firamare ba a nemi shawarata ba.

Na ce to, mata biyu da yaren da maigida ba ya ji, akwai magana. Na ja kujerata kusa da tagar kicin, carbi a hannu, kunne a ciki. Ranar farko na ji "Baba" da "duka" a jere. Na kwana biyu ina kallon muciya kafin ɗana ya ce kanti ake nufi. Na karɓa, amma ban yarda duka ba.

Ran Laraba sai na ji yarinyar ta ce, "Baba anapenda kuku," Hajiya ta maimaita, suka tuntsire da dariya.

Da ƙuruciyata na yi shekara shida ina kuku a gidan wani Bature kusa da tashar jirgin ƙasa, da farar hula da komai. 'Ya'yana sun san ni ma'aikacin reluwe ne, iyakarta ke nan. Hajiya kaɗai ta san sauran.

Na ajiye kunyar surukuta, na tsaya a ƙofar kicin.

"Hajiya, abin da muka rufe shekara arba'in shi kika kwance wa baƙuwa? E, na yi kuku. Na dafa wa Bature, na wanke masa kwano. Sata na yi?"

Yarinyar ta durƙusa, idonta a ƙasa. Da 'yar Hausarta ta ce, "Baba, kuku kaza. Baba yana son kaza."

A kwanon gabanta kuwa ga ta nan, an fige.

Hajiya ba ta ko ɗaga kai daga jajjagen ba.

"Alhaji, ni ban gaya wa kowa ba. Amma tunda ka yi shela da bakinka, shigo ka karɓi wuƙa, mu ga abin da Baturen ya koya maka."