Wutsiyar da Baba Ya Auna da Taƙinsa

Shekarar da ƙafafun Baba suka ƙi kai shi fadama, na yi alkawarin da ya fi bakina: zan nuna masa albasarsa ta Dandin Mahe kafin a cire ta, yana zaune bisa tabarmarsa.

Ɗan jirgin samana mai rimot na soson kwalin firji ne, da 'yar kyamara a hanci mai aika hoto zuwa waya. Wutsiyarsa fiffike biyu kawai, a buɗe sama kamar hannuwan mai addu'a. In suka matse, hancin jirgi ya yi ta sallama da ƙasa. In suka baje da yawa, ya yi ta kaɗa gindi kamar agwagwa.

Ni da aminina, wani kafinta a Bodinga, muka raba aiki. Ya yanka na dama, na yanka na hagu, kowanne taƙi ɗaya da yatsu huɗu. Mun manta cewa da taƙinsa uku za a auna hanyar Shagari har a samu saura. Nawa kuwa ko ƙosai ba ya rufewa.

Jirgin ya tashi, ya zagaye kukar bayan gida sau bakwai, ya sauka cikin awaki.

Baba ya sa aka miƙa masa shi. Ya shafa wutsiyar a hankali.

"Wa ya auna wanga abu?"

"Mu biyu, Baba."

"Awo guda, hannu biyu? Ko fangalin albasa ba a yi mishi haka. Ku taho da wuƙa, manyan injiniyoyi."

Da taƙinsa ya auna duka biyun, muka yanke. Kafinta ya kafa sikwaya, ƙarfensa na auna kusurwa, a tsakani, Baba ya ce a ƙara buɗe su da kaurin yatsa biyu, wai haka yake ganin shirwa na yi in ta samu iska.

Da hantsi jirgin ya hau shiru, kamar ana jansa da zare. A fuskar wayar da ke hannun Baba gari ya ƙanƙance, fadama ta taho tana lilo, kore shar, ruwa na ƙyalli tsakanin fangali. Ni dai na rantse har ƙamshin lawashi na ji ta cikin wayar.

Baba ya matso da wayar kusa da idonsa. Sannan ya dangwala yatsa a gilashin.

"Na gabas ɗin can na son ruwa. Sauke abin wasanka ka tafi."