Yabawa da Na'urar da ke Bin Ƙwayar Ido

Mutumin da bai ce komai na damunsa ba, ya dace a binciki idonsa a tono abin da bai tambaya ba? Na daɗe ina juya wannan tambaya ban samu amsa ba. Hajiya Yabawa, ma'aikaciyar ɗakin ido a nan Gure, wadda ta ajiye aiki makon jiya, ba ta zauna jiran amsar ba.

Kullum da safe takan goge gilashin na'ura, ta sauke labule, ta zaunar da mutum gaban allo. Aikinta auna faɗin gani, wato iyakar abin da ido ke hangowa ta gefe. Da can maɓalli ake ba mutum, ya danna in ya ga ɗigon haske. Mutanenmu kuwa sai su yi ta dannawa ko ba su ga komai ba, don kada su ba ta kunya. Na'urar da aka kawo daga baya ba ta tambayar kowa. Ƙaramar kyamara ce ke bin ƙwayar ido, in haske ya ɓullo ido ya zabura wajensa, sai ta ɗauka.

Kafin a amince da ita, sai an auna idanun masu lafiya don a san ma'auni. Yabawa ce ta bi kasuwa da tasha tana roƙo. Makiyayan Kelle suka zo, matan Gidigir suka zo. Sakamakon farko ya nuna samari da yawa kamar ba sa ganin sama. Ita ta lura sunkuyar da ido suke yi, don tana tsaye kusa da allon, ga ta sa'ar uwarsu. Daga ranar ta koma bayan labule, daga can take ba da umarni.

Uwar ɗakin ido, ke ce kika hana a rubuta ladabin yaranmu a matsayin makanta.

Mutum ɗaya ya ƙi ta: Aisami, mijin 'yarta, mai jan motar haya zuwa Damagaram. A tasha aka yi, gaban Zubair mai shayi.

"Inna, idona ƙalau yake," in ji Aisami, yana kallon ƙasa.

"Ƙalau ɗin nake nema," ta ce.

Zubair ya tuntsire da dariya. "Kai da kake hango akuya tun daga Gidimuni, ɗigon fitila kake gudu?"

"In aka ce gefe ɗaya ya mutu aka karɓe permina na tuƙi, kai za ka ci da gidana?" in ji Aisami.

Ba shi da laifi. Akwai ciwon da ke cinye gefen gani ba zafi ba ƙaiƙayi, kuma kowa ya san in Yabawa ta gani ba za ta ɓoye ba, ko da tukunyar 'yarta ce za ta sauka. Ba ta matsa masa ba, ba ta kuma yi masa alkawarin rufin asiri ba. Har yau ban san wanne ya fi wuya ba.

Mun gode, Hajiya. Masu zuwa bayanki su koyi wannan tsayuwa.

Ranarta ta ƙarshe, tana naɗe abin sallarta, Aisami ya yi sallama. Ya ajiye makullin mota a kan tebur, ya zauna, ya ɗora haɓa inda ake ɗorawa a jikin na'urar. Yabawa ta koma bayan labule.

"Inna," ya ce, "kunna."