Rantsuwar da Maccido Bai Yi Ba

Ina ƙarama na fara jin sunan Maccido, ranar da zazzaɓi ya kama ƙanwata Sauda har tana fizge-fizge. Kakarmu, Inna Turai, ta ja mahaifina bayan rumbu ta ce ƙasa-ƙasa, "Tai ka ɗauko Maccido." Da ta juyo ta gan ni, ta kama kunnena ta ce, "In sunan ga ya hita waje, ni da ke ne." Da azahar Maccido ya shigo ta ƙofar baya, jakar aikinsa ɓoye cikin buhu. Ya duba yarinya, ya ba da magani, ko ruwa bai tsaya sha ba. Sai da na girma na san ɗan ƙanen Inna ne, na kuma san abin da ya sa yake tafiya yana waige.

Yana saurayi, gidansu na noman albasa a fadamar Goronyo. Wata shekara ruwa ya yi ƙaranci, rikici ya ɓarke kan wanda zai fara ban ruwa. Cikin turmutsutsun, wansa Halliru ya ɗaga ƙotar hauya ya fasa wa maƙwabcin gonarsu kai ta baya. Mutumin ya rayu, amma magana ta kai kotu, kuma ba wanda ya tantance hannun wa ne cikin 'yan'uwan biyu. Dattawan gida suka zauna a zaure. Halliru na da iyali, ga albasa ta kusa cira. Maccido kuwa ko budurwa ba shi da ita.

"Kai za ka amsa," in ji baffansu. "Mi na a ciki? 'Yan watanni ne, ka hito kamar ba a yi ba."

Bai yi musu ba, don a gidan ba a saba ƙane ya bari a ɗaure wansa ba. Ya tsaya gaban alƙali ya ce shi ne, aka ɗaure shi.

Da ya fito, Halliru ya tsaya tsayin daka ya sa shi makarantar koyon aikin lafiya a Sakkwato. Wajen ɗauka ba wanda ya tambaye shi komai, shi ma bai san akwai abin tambaya ba. Ya yi karatu da gaske, har 'yan ajinsu suna ce masa likitan fadama.

Ana gab da gamawa, wani malaminsu, Malam Ismail, yana tattara littattafansa ya ce, "Af, na manta. Kafin lasisi kowa zai yi rantsuwa cewa kotu ba ta taɓa hukunta shi ba."

"Malam, wanda ya taɓa satar mangwaron liman fa?" in ji wani daga baya.

Aji ya kece da dariya. Maccido ya sunkuyar da kai. Ya so ya yi dariyar shi ma, bakinsa ya ƙi.

Ya koma gida ya sami wansa a gona, ya faɗa masa zancen rantsuwar. Halliru ya ce, "Rantse kawai! Wa zai tono? Ai kai ba ka bugi kowa ba."

"Yaya, ba bugu za su tambaye ni ba. Ɗauri za su tambaya."

Duk da haka ya tafi da niyyar rantsewa. Mai ba da rantsuwa ya tambaye shi ko yana da alwala, sannan ya turo masa Alƙur'ani. Maccido ya miƙa hannu. Tun yana yaro yake jin labarin waɗanda suka dafa shi kan ƙarya, wannan ya haukace, wancan gidansa ya ƙare. Ya janye hannu ya ce, "An taɓa ɗaure ni."

Aka ce za a duba maganarsa, ya jira. Ya yi ta jira, lasisi bai fito ba. Wani lauya ya ce ko da za a gwada, sai ya koma kotu ya faɗi wanda ya yi bugun, kuma hakan na iya jawo musu kamu su biyun. Ya tuna 'ya'yan Halliru, ya haƙura.

Yanzu yana tsaron shagon maganin wani a Rabah. Mutanen Lahodu da Sisawa kan aiko masa in ciwo ya yi tsanani, ba ya iya ƙi, kuma duk baƙuwar motar da ta tsaya ƙofar shagon sai ya zaci kama shi aka zo yi.

Bayan na gama sakandare, yaran unguwarmu a Wurno suka riƙa zuwa in taimaka musu da neman makaranta ta waya. Da ya ji, ya hau kabu-kabu ya zo har gida, ya zauna bakin tabarma.

"Ɗiyata," ya ce, "duk wanda ya zo miki da zancen aikin lafiya, ko wata sana'a mai lasisi, tambaye shi ko sunansa ya taɓa shiga kotu. In ya ce i, ya tai wajen masu ba da lasisin ya ji matsayinsa tun bai shiga aji ba. Amma ki tambaye shi shi kaɗai. Kada ki tambaya gaban ubansa ko wansa, su za su amsa miki."