Sunan da Baba Ba Ya Faɗa

Babana ya raɗa wa kowace saniya ta garkenmu suna. Akwai wadda yake kira da launinta, akwai wadda ya laƙaba wa sunan wata tsohuwa mai masifa ta garinmu, kuma idan ya tsaya bakin rijiya ya yi kira, kowace takan ɗago kai. Ni kuwa, ɗiyarsa ta fari, na kai shekara goma sha shida ban taɓa jin sunana a bakinsa ba.

Ba shi ya ƙago abin ba. A ƙauyukanmu na kewayen Gure, uba ba ya ambaton sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa gaban jama'a, ba ya nuna ya damu da shi. Kunya ce. Tawa kuma ta zo da ƙari, don sunan mahaifiyarsa aka mayar mini, wadda ta rasu kafin a haife ni. Wasu iyayen sukan sassauta idan yaro ya tasa. Baba bai san wannan hanyar ba.

Idan yana nemana, gyaran murya yake yi. Akwai gajere na ruwan sha, akwai mai tsawo na garwashin shayi, akwai wani mai kauri wanda ke nufin awaki sun shiga garka kuma laifina ne. Ƙannena mata sun ƙware a kwaikwayonsa har sukan sa in taso da kwanon ruwa in tarar da su suna birgima don dariya. Idan baƙo ya tambaye shi ɗiyar wa ce wannan, sai ya dubi wani wuri ya ce ta gidan nan ce, sai ka ce kaza ake tambaya. Ina dariya tare da kowa, amma abin yana ci mini rai. Ina ganin ƙannena suna hawa wuyansa suna ja masa gemu, ni ko kaina bai taɓa dafawa ba.

Wannan kunyar ce ta hana shi kai ni lakwal, wato makarantar boko. Ranar da aka zo ɗaukar yara, ya ce da ƙanensa ya tafi da ni, shi yana da ban-ruwa a kwari, inda dabinanmu da garkar albasa suke tsakanin tuddan rairayi. Baffan nawa mutum ne mai sauƙin kai. Malamin makarantar, mushe kamar yadda muke ce masa, ya tambayi sunana, ya ba da sunan wasa da gwaggonnina suka laƙaba mini, don shi kowa ya sani. Aka tambayi sunan uba, ya ga ai shi ne a tsaye, ya ba da nasa. Haka na yi firamare, na shiga kolej a Gure ina zaune gidan gwaggona, ina amsa sunan da ba nawa ba da uban da ba nawa ba, babu wanda ya ga aibu.

Sai shekarar brebe, jarrabawar gama kolej. Da aka zo haɗa takardun jarrabawa, daraktan makarantarmu ya ɗora takardar haihuwata kusa da ta lakwal, ya cire tabarau ya ce yara biyu yake gani a nan, ni wace ce a ciki. Ya ce dole mahaifina ya zo da ƙafarsa, da shaidu biyu, ya je biro, wato ofishin da ake gyaran takardu, ya faɗa da bakinsa cewa mutum ɗaya ce. Ranar Alhamis za a rufe jerin sunaye. Wanda bai shiga ba sai baɗi, kuma na san gwaggo ba za ta iya riƙe ni wata shekara ba.

Na kira wayar maƙwabcinmu, aka kai wa Baba. Ya tambayi lafiyar gwaggo, da ta mijinta, da ta akuyarta mai ɗingishi. Na yi masa bayani ina haɗiye kuka. Ya ce albasa tana tsakiyar shan ruwa. Aka kashe waya. Na wuni ina tsine wa albasa.

Ranar Laraba da hantsi sai ga shi a ƙofar gidan gwaggo, ya sauko daga bayan wata mota mai lodin buhuna, rawaninsa ya karkace. Ya zo da baffana da wani dattijo abokinsa. Bai dube ni ba. Ya ce da gwaggo wai dama yana da niyyar zuwa neman igiyar guga.

Ma'aikacin biron saurayi ne, ɗan birni, mai ladabi amma ba ya wasa da ƙa'ida. Ya tambayi Baba ko ni ɗiyarsa ce. Baba ya ce haka mutane ke faɗi. Ya tambayi sunana na yanka, Baba ya nuna baffa da haɓa, ya ce ga wanda ya ɓata, shi zai gyara. Saurayin ya ce ba shaida ya tambaya ba, uba ya tambaya. Nan take Hausar Baba ta gudu, ya koma Manganci, yarenmu na gida, shi da ke cinikin shanu da Hausa tun kafin a haifi mai tambayar. Aka samo mai gadi ya yi tafinta, tambayar dai ba ta sake ba. Baba ya karɓi alƙalamin bik ya rubuta sunan da ajami a gefen takarda ya tura masa. Saurayin ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce shi bai iya karanta wannan ba, kuma ko ya iya, sai ya ji da kunnensa.

Mutanen da ke jiran layi sun fara murmushi. Ni ban ga abin dariya ba. Na dubi mutumin nan da ya gwammace in rasa shekara da ya buɗe baki, na ji zuciyata ta ƙeƙashe. Na ce a raina idan muka fita a haka, na daina amsa masa har abada.

Baba ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan, ba tare da ya juyo ba, ya ce, "Ke, hita waje."

Na fita. Ban yi nisa ba, na zagaya na jingina da bango ina share hawaye da bakin mayafi, ashe ƙarƙashin tagar biron nake, kuma a buɗe take.

Na ji ya faɗa. A hankali ya faɗa, da irin muryar da yake karatu bayan salla. Saurayin ya maimaita bai daidaita ba, Baba ya gyara masa, ya sake gyara masa, ya ce a rubuta da kyau don sunan ba na wasa ba ne. Aka tambayi shekarar haihuwa don a gwada da takarda. Wannan kaɗai aka tambaye shi.

"Ranar kasuwar Gidigir ce," in ji Baba. "Na kai raguna biyu, ko tayi ba a yi ba aka zo aka ce mini an sauka. Na bar su hannun wani na taho ƙasa. Ban iya shiga gida ba, mutane na kallo. Na zauna bayan danga har na ji kukanta."

Saurayin ya ce ya isa haka. Baba bai ji ba. Ya ce tun ina aji uku nake karanta wa mutanen gari wasiƙa. Ya ce bara ni ce ta biyu a ajinmu, kuma wanda ya zo na ɗaya ya girme ni da shekara biyu, a rubuta wannan ma idan da wuri. Ban san ya sani ba. Ban taɓa kai masa sakamakona ba, inna nake ba, ita ma ba karatun boko ta iya ba. Ashe ɗauka yake ya kai wa mushen ƙauye a ɓoye ya karanta masa. Abokinsa dattijon ne ya katse shi, ya ce ya bari haka kada a yi wa yarinya baki.

Na ji ƙarar hatimi a kan tebur, na ji ana jan kujeru. A nan ne na gane abin da zai faru idan ya fito ya same ni gindin tagar. Ni da na yi shekaru ina jiran ranar da zan kama shi, sai na tattare zanena na ruga. Na tsallake filin biron da gudu har gindin wata bishiyar bedi can nesa, kusa da mai sayar da ƙosai, na zauna na juya baya ina haki, na ƙura wa kaskon ido kamar tun safe nake wurin.

Ya iso da takardar a hannu, ya miƙo mini ta gefe. Ya dubi biron, ya dubi bedin, yana auna tsakaninsu da ido yadda yake auna ramar saniya.

"Nan kike tun ɗazu?"

"Nan nake, Baba."

Ya sauke numfashi. Ya saya mini ƙosai, abin da bai taɓa yi ba, ya ce da mai ƙosan ta ƙara yaji don ta gidan nan tana so. Sannan ya ce da baffa su tashi, albasa ba ta san an zo birni ba.

Na ci jarrabawar, yau ni ma ina koyarwa. Baba ya tsufa, ƙannena ne ke ban-ruwa. Sau da yawa ina zaune kusa da shi nakan ji maganar ta taso mini har maƙogwaro, in gaya masa na ji komai, in yi masa godiya. Sai in dube shi in fasa. Ina ƙaunarsa fiye da yadda zan iya ba shi wannan kunyar, don haka har yau a gindin bedi nake.