Ranar da Na Ce wa Kyaftin Garba A'a

Har na yi ritaya ban manta wata Alhamis ta watan Agusta ba, shekarata ta biyu ina mataimakin matuƙi. Mun taso daga Abuja za mu Kano bayan azahar, jirgi cike da fasinja. A kujerar hagu akwai Kyaftin Garba, tsohon sojan sama. Ni kuwa makarantar farar hula na yi.

A lokacin, mu 'yan farar hula muna cewa tsofaffin sojoji ba sa karɓar gyara. Su kuma suna cewa mu matsorata ne. Ƙa'idar aiki dai ɗaya ce: mutum guda yana tuƙi, ɗayan yana duba na'urori yana magana da hasumiyar filin jirgi, kuma duk wanda ya ga matsala dole ya faɗa.

Muna saman Bunkure, garinmu, na ga hadari ya haɗu baƙi ƙirin a kan Kano. Na'urar yanayi ta nuna ja a daidai hanyar saukarmu. Kyaftin ya ce, "Za mu riga shi." Muka ci gaba da yin ƙasa, jirgi ya fara girgiza.

Sai da muka wuce Kura na iya buɗe baki. "Yallaɓai, ban yarda da wannan saukar ba. Mu jira."

Bai kalle ni ba. Ya duba na'urar, ya duba mai, ya ce, "Gaya wa hasumiya za mu jira." Ya karkata jirgin.

Rabin awa muna kewaya saman Kadawa. Ina kallon gonakin shinkafa da magudanan ruwan da na yi wanka a ciki ina yaro. Hasumiya ta sanar da mu iska ta kwashe rufin wata rumfa a filin jirgin. Da hadarin ya wuce muka sauka lafiya.

Bayan fasinja sun fita, na zauna ina jiran faɗa. Ya cire abin kunnensa ya ce, "Sabi'u, tun yaushe ka gani?"

"Tun Bunkure, yallaɓai."

"To laifinka ke nan. Minti huɗu ka bar ni cikin kuskure. A soja na binne abokai biyu saboda na kusa da su ya ji nauyin magana."

Daga ranar na daina tambayar inda matuƙi ya yi karatu. Duk mataimakin da aka haɗa ni da shi, kafin mu tashi nakan ce masa, "In ka ga abu, kada ka ji kunyata."