Malam Harasho da Harshen da Aka Tura Yaƙi

Ofishinsa ne na ƙarshe a barandar, dab da ɗakin da ake jibge karyayyun kujeru. Kafin masu shara su gama da benen ya riga ya iso. Zai buɗe taga, ya goge allo da kansa, ya zauna ya kunna tsohuwar rediyonsa ƙasa-ƙasa yana jiran ɗalibai. In sun zo da yawa, ya koyar. In mutum ɗaya ne, ya miƙe tsaye ya koyar da shi kamar ajin a cike yake. Akwai shekarun da ko ɗayan bai samu ba, amma mai sharar benen ta ce ba ta taɓa iske ƙofar a kulle ranar aiki ba.

Rashanci yake koyarwa. Tun yana saurayi aka tura shi karatu can, ya dawo da harshen a bakinsa da akwatin littattafai a kansa. Sunan da ke takardunsa daban ne, amma a jami'ar kowa Malam Harasho ya sani. Kalmar tana nufin "madalla", kuma ita yake faɗa duk sanda ɗalibi ya furta harafi daidai. Wannan watan ya ajiye alli, ni kuma na ce ba zan bari ya fita shiru kamar yadda ya zauna shiru ba.

Ni ba ɗalibinsa ba ne, gyaran injinan asibiti ne sana'ata. Maiɗakina ce ta haɗa mu. Digirinta na uku ta yi a kan yadda hukumomin Rasha ke sarrafa harshe a farfagandar yaƙi, tun daga fastocin yaƙin duniya na biyu har zuwa shirye-shiryen talabijin na wannan yaƙin da ake yi da Yukiren. Farfesan da ke duba aikinta ne ya tura ta wurin Malam. Ya ce mata, "Gina hujja ni zan nuna miki. Amma kunne, sai dattijon can na ƙarshen baranda."

Da farko abin nishaɗi ne a gidanmu. Za ta dawo ta ba ni labarin abin da suka saurara ita da Baba, sunan da take kiran Malam da shi ke nan. Yadda aka ɗauke kalmar "yaƙi" aka ajiye "aikin soja na musamman". Yadda fashewar bom ta koma kalmar da ke nufin ƙarar tafi. Yadda janyewar sojoji ta zama "nuna kyakkyawar niyya". Ranar da na bar mata tukunya a wuta ta ƙone, na ce ba ƙonewa ta yi ba, launi ta sauya da kyakkyawar niyya. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

Sannu a hankali dariyar ta ƙafe. Mutum ya wuni yana sauraron ƙartai suna ihu a talabijin, suna kiran 'yan'uwansu mutane ƙwari da shara, ya tsaya ya maimaita, ya rubuta, ya sake maimaitawa, dole abin ya bar tabo. Ta daina yarda da kowace magana. In na ce girki ya yi daɗi, sai ta kalle ni ta ce, "Me kake so ka rufe?" Mahaifiyarta ta kira ni gefe tana tambayar ko wani abu na yi mata. Wata safiya maiɗakina ta rufe kwamfutarta ta ce ta haƙura da digirin.

"Harshen nan ƙazami ne," in ji ta. "Duk wanda ya tashi a cikinsa ƙarya ya sha a nono."

Haka ta je ta faɗa wa Baba, mutumin da ya ba harshen nan ƙuruciyarsa da tsufansa. Bai yi musu da ita ba. Ya daɗe yana goge gilashinsa, sannan ya ce, "'Yata, ku zo gida ranar Asabar bayan la'asar, ke da maigidan."

A ɗan falonsa ya ba mu labarin abokansa biyu da suka kwana ɗaki ɗaya lokacin karatu. Ɗaya injiniya ne ɗan Rasha, ɗaya likita ɗan Yukiren. Tare suka ci, tare suka yi rawar sanyi, kowa ya je bikin kowa. Tunda yaƙi ya ɓarke, su biyun suka daina magana da juna, amma babu wanda ya daina magana da shi.

Ya kira injiniyan a waya, ya buɗe muryar wayar don mu ji, ya shaida masa ɗalibarsa na nan tana ji. Ni ban fahimci komai ba, sai a mota ta fassara mini. Tsohon ya yi ƙorafin gwiwarsa. Ya ce an ɗauki jikansa soja, kuma sun daɗe ba labari. Sai muryarsa ta yi ƙasa, ya furta kalmar "yaƙi" da raɗa, kamar mai tsoron bango. Kafin ya ajiye ya ce, "Wancan mai taurin kan, yana nan da rai? Kada ka ce na tambaya."

Sannan Baba ya kira likitan. Shi kuma ya ce babu wuta, an rufe tagarsa da katako. Ya ce, "Da kai kaɗai nake yin wannan harshen yanzu." Can ya ƙara da, "Tsohon can, ya gwiwar tasa? Ka ce ya daina hawa bene. A'a, bar shi, kada ka ce komai."

Na waiga na ga maiɗakina ta rufe fuska da gefen mayafinta. Baba ya ajiye wayar ya ce, "Da wane harshe suka yi magana?"

Sai ya ba da amsar da kansa.

"Shi ne dai wanda kika kira ƙazami. Sace shi aka yi, 'yata. Ɓarawon za ki bi, ba mai kayan ba."

A ranar ne matarsa, da muke kira Gwaggo, ta ja ni wajen ƙofar kicin ta faɗa mini abin da ba mu sani ba. Ta ce duk ranar da suka saurari waɗannan shirye-shiryen, in ya dawo ba ya iya cin abinci, sai ya zauna ya zuba wa bango ido. Ta ce tun bara likitan ido ya ce a cire masa yanar ido, ya ce sai yarinyar nan ta gama da fastocinta, don in aka naɗe masa ido wa zai zauna da ita a kan ƙananan rubutun. "Na yi faɗan har na gaji," in ji Gwaggo. "Ka dai san mutumin naku."

Ranar Litinin maiɗakina ta buɗe kwamfutarta. Babin ƙarshe na kundin nata a kan wannan satar ya tsaya: yadda ake ɗaukar kalmomin da suka fi kowanne taushi, uwa da ɗa da gida, a sa musu kaki a tura su fagen daga. Ranar kare kundin, Baba ba ya cikin alƙalai, don shi malamin harshe ne kawai a tsarin jami'a. A benci ya zauna a waje tare da ni, hularsa a gwiwa. Da ta fito sanye da rigar masu digiri ana kiranta Dakta, gabansa ta fara zuwa ta durƙusa. Ya ce, "Tashi, kada ki ɓata rigar mutane, ta aro ce." Sunansa a layi ɗaya ya fito a shafin godiya, shi ma ya ce ya yi tsawo.

Baba, kai ne rijiyar bakin hanya, ba ka tambayar mai guga daga ina ya fito. Kai ne ka sha ɗacin da ba naka ba, ka hana shi zama a zuciyar 'yar mutane. Ka maido mini da dariyar gidana, kuma ba ka taɓa nuna ka san ka yi ba.

Abokan nasa har yau ba su yi magana ba. Amma jikan injiniyan ya dawo gida, da rai, ba da ƙafa biyu ba. Da Baba ya faɗa wa likitan, sai likitan ya shiga bayanin yadda za a riƙa wanke ciwon da naɗe shi, dalla-dalla, yana cewa a rubuta. Ya ƙare da, "Ka ce daga wurinka ya fito." Baba ya ce masa shi bai iya ƙarya ba, ko da Rashanci.

An yi wa Baba aikin idon, kuma an dace. A ɗan taron sallamar da aka shirya masa, aka matsa sai ya ce wani abu. Ya miƙe, ya ce shi bai iya jawabi ba. "Ku dai riƙa kiran abu da sunansa. In mutum ya mutu, ku ce ya mutu, sannan ku tashi ku je gaisuwa." Ya zauna.

Mun gode, Baba. Allah Ya sa ka huta da lafiya, Ya saka wa Gwaggo da ta yi haƙuri da mu. Ku kuma masu karatu, kowannenku akwai wanda ya zauna da shi a kan abu mai wuya bai nemi a ambace shi ba. In yana raye, kada ku jira a ce ku zo gaisuwa. Ku je yanzu, tun yana iya ce muku kun cika surutu.